Tara faifan garmaho a Akra: da wanne za ka fara? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da samarin Nima da Mamobi da Sabon Zango suke yawan yi min, wani a bes wajen shan ataya, wani ta WhatsApp cikin dare, tunda sun san ina tara faifai. Na haɗa su waje ɗaya na amsa, inda magana take da yawa na tsawaita, inda babu na wuce.

Yaya, ko faifai ɗaya ban da shi. Da wanne zan fara?

Fara da na gida ƙanina. Idan kuɗinka na faifai ɗaya ne tak, nemi albam ɗin farko na Osibisa na 1971, mai hoton giwa da fuka-fukai a bangonshi. Ƙungiyar a Landan aka kafa ta a 1969 amma ginshiƙanta mutanenmu ne, Teddy Osei ɗan Kumasi da ƙaninshi Mac Tontoh mai busa ƙaho da Sol Amarfio a kan ganga. Dalilin da ya sa nake sa shi a gaba biyu ne. Na farko an buga shi da yawa a Ingila da Amurka saboda haka ba ya wuyar samu kuma ba ya cin kuɗi kamar sauran, na biyu kuma ɗaukar sautin tsaf take, ganguna suna fitowa kowanne da muryarshi, in ka sa shi a inji mai kyau za ka ji bambancin faifai da waƙar da ka saba ji a waya tun minti na farko. Woyaya ma a shekarar ya fito, in ka gan su tare kwashe duka.

Bayan shi sai Funky Highlife na C.K. Mann, 1975. Wannan mutumin ya ɗauko osode, kiɗan masunta na Fante, ya zuba mishi jita da ogan da ƙahoni, akwai waƙar da take tafiya sama da minti goma ba tsayawa, wata na shiga cikin wata, kuma wallahi irin wannan doguwar tafiyar ita ce faifai ya fi dacewa da ita, don ba ka da maɓallin tsallakewa a hannu, ka ɗora allura ka zauna kawai har ta kai ƙarshe. Sannan albam ɗin Ebo Taylor na 1977 mai ɗauke da sunanshi, wanda Heaven take ciki, waƙar da mawaƙin Amurka Usher ya yanko kiɗanta shekaru da yawa bayan nan. Da Simigwa na Gyedu-Blay Ambolley ɗan Sekondi, shi ma 1975. Waɗannan ukun duk kamfanin Essiebons na Dick Essilfie-Bondzie ne ya fitar da su nan Akra.

Na biyar kuma, wanda ni a raina shi ne na ɗaya in ba don wuyar samu ba, Alhaji K. Frimpong da ƙungiyarshi Cubano Fiestas, na 1976, mai Kyenkyen Bi Adi M'awu. Ba na jin akwai ɗan Gana da ya wuce shekara talatin da bai taɓa jin waƙar nan a biki ko a wajen makoki ko a trotro ba. Amma jin ta a faifai daban ne, yadda mai ganga yake riƙe kiɗan a hankali ba gaggawa, ƙahonin suna shigowa da wani irin baƙin ciki mai daɗi, sai muryar Alhajin ta biyo baya. Ko ba ka jin Tuwi sosai za ka gane mutumin kuka yake da wani abu.

Amma duk inda na duba a intanet Beatles da Pink Floyd ake cewa a fara da su. Me ya sa kai ka ce na gida?

Ba laifi da su, masu kyau ne. Amma wanda ya rubuta wancan jerin a Landan ko Niyok yake, waƙoƙin da ubanshi ya ji yake faɗa maka. Kai naka uban a gidan rawa na Tip Toe ya yi rawa, ko ya ji a rediyon GBC, ko a gidan suna da masu juya faifai suka kawo sifika. Faifan da za ka riƙa sakawa shi ne wanda yake taɓa ka, in ka sayi abin da ba ka ji don kawai an ce shahararre ne zai zauna a kanta yana shan ƙura, kuɗi sun tafi.

Kuma akwai wani abu. Faifan Beatles an buga miliyoyi, ko bayan shekara hamsin za ka same shi. Namu kaɗan aka buga. Masana'antar da ta yi su, ta Essiebons a Akra da Ambassador a Kumasi, duk sun tsaya. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fita da dare wadda ta kai har 1984, gidajen rawa suka mutu, mawaƙa suka watse Jamus da Ingila da Najeriya, kaset ya zo ya ƙarasa sauran. Abin da ya rage a gidaje kuma tun wajen shekarar 2000 masu saye daga Turai da Japan suke zuwa suna kwasa. In ba mu riƙe nawa muka riƙe ba, jikokinmu sai sun yi odar kiɗan kakanninsu daga waje.

Kawu, ban ji ka ambaci E.T. Mensah ba, ba shi ne sarkin haylaif ba?

Shi ne, ba gardama. An haife shi 1919 ya rasu 1996, kuma shi ne ya busa ƙaho tare da Louis Armstrong lokacin da ya zo Akra a 1956. Abin da ya sa ban sa shi a farko ba, yawancin abin da ya ɗauka da ƙungiyarshi Tempos a kamfanin Decca a shekarun 1950 a faifan 78 suka fito, wato tsohon faifan nan mai nauyi mai fashewa kamar tangaran, waƙa ɗaya a kowane gefe, kuma injinka na yau ba lallai ya iya juya shi ba. Ka nemi tarin waƙoƙinshi da RetroAfric suka haɗa a babban faifai a shekarun 1980, All For You, shi ya fi maka sauƙi.

Na Najeriya fa?

Fela Kuti dole ne. Zombie ko Gentleman na 1973 ko Expensive Shit na 1975, duk wanda ka fara samu. An sake buga su sosai saboda haka sabon bugu yana nan. Zombie yana da tarihi da garin nan ma, a 1978 ya yi waƙar a Akra rikici ya tashi har aka hana shi shigowa Gana. Mai gangarshi Tony Allen kuwa mahaifiyarshi 'yar Gana ce, in ka kasa kunne ga hannunshi za ka ji haylaif a ciki. Ka haɗa da Sweet Mother na Prince Nico Mbarga, 1976, wannan kusan kowane gida da ya taɓa mallakar garmaho yana da shi, matsalar kawai an sa shi har ya gaji, samun mai lafiya sai an tona.

Akwai kuma wani da mutane ba su cika sani ba, wanda Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya yi da ƙungiyar Hedzoleh Soundz ta nan Gana a 1973. Yaran nan a kulob ɗin Napoleon na Faisal Helwani a Osu suke wasa. In ka ci karo da shi kada ka tsaya dogon ciniki.

To waƙoƙin Hausa, akwai su a faifai kuwa?

Akwai, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min. Alhaji Mamman Shata ya yi faifai da EMI a Najeriya, Ɗan Maraya Jos ma waƙoƙinshi na kuntigi sun fito a faifai. Iyayenmu fatake masu zuwa Legas da Kano, masu goro da masu shanu da masu atamfa, su suka riƙa shigowa da su Zango, saboda haka ba a shago za ka same su ba, suna cikin adakar wani tsoho a Nima ko Fadama ko Aboabo a Kumasi, ƙarƙashin tsofaffin riguna. Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya 2015, kuma har yau ban ga an bi faifansu an sake bugawa yadda aka yi wa su Ebo Taylor ba. Ma'ana wanda ke hannun kakanka shi ne, in ya lalace shikenan.

Kalangu a faifai abu ne da ya kamata kowane Bahaushe ya ji ko sau ɗaya. Kaset ɗin da muka taso da shi kwafi ne na kwafi na kwafi, duk ƙasan kiɗan ya zube, sai tsuwa. A faifai kana jin lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya ya sake ta, kana jin 'yan amshi a gefe guda Shata a tsakiya.

Na zamani kuma, kamfanin Sahel Sounds ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa a faifai, kuma su ne suka sake fitar da kiɗan ogan na Mamman Sani na Nijar wanda asalinshi kaset ne na 1978. Kar ka manta da na Indiya, su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, iyayenmu mata sun haddace su a silima, faifansu suna yawo a gidajen Zango fiye da yadda kake zato.

Ina son in sa na Turawa ko biyu ne. Wanne?

What's Going On na Marvin Gaye 1971, Exodus na Bob Marley 1977, Songs in the Key of Life na Stevie Wonder 1976, wanda yanzu ma ɗan ƙasa ne tunda an ba shi takardar zama ɗan Gana a 2024. Mai son jaz ya ɗauki Kind of Blue na Miles Davis 1959. In ka ga faifan Soul to Soul, wasan da aka yi a Black Star Square ran 6 ga Maris 1971 da su Wilson Pickett da Ike da Tina Turner, shi ma ɗauka, a nan Akra aka yi shi.

Orijina ko sabon bugu?

Mai farawa ya sayi sabon bugu, ba kunya a ciki. Kamfanonin Mr Bongo da Analog Africa da Soundway da Strut sun sake buga da yawa daga cikin waɗanda na lissafa, da lasisi, sautin a wanke, kuma galibi da takarda a ciki mai tarihin mawaƙin. Orijinan Essiebons mai lafiya yanzu farashinshi da dala ko yuro ake faɗa, kuma yawancin waɗanda suka rage a ƙasar nan sun sha biki, an juya su da allura mai nauyi shekara da shekaru. Ghana Soundz da Soundway suka fitar a 2002 da Afro-Beat Airways na Analog Africa 2010 su ma hanya ce mai kyau, mawaƙa da yawa a waje ɗaya, daga nan sai ka gane wa kake so ka bi.

Orijina daɗinshi daban ne, wannan gaskiya ne. Bangon da aka buga a Akra da kalar da ta ɗan zame daga layi, sunan mai shi na farko da biro a kusurwa, wani har da kwanan wata da unguwa, tambarin shagon da ya sayar da farashi na tsohon sidi. Amma wannan ka bar shi sai kunnenka da idonka sun nuna.

A ina ake samu a Akra?

Fara daga gida kafin kasuwa. Ka gaida kawunka, ka gaida Hajiya, ka tambaya da ladabi ko akwai tsofaffin faifan marigayi. Kada ka je da maganar saye, ka ce so kake ka wanke su ka sa musu su ji. Daga nan sai tsofaffin masu gyaran rediyo, su sun san wane gida ne yake da garmaho a da. Masu kayan hom yus, wato gwanjo, a Kantamanto da kewayen Circle wani lokaci faifai yana faɗowa cikin kayan da aka kwaso daga Turai, galibi na Turawa ne amma da arha. Wajen Arts Centre ma ana gani sai dai farashin na baƙi ne. Akwai masu sayarwa a Instagram da Facebook, amma kada ka tura momo, wato kuɗi ta waya, sai ka ga bidiyon faifan yana juyawa kana jin sautin, gefe biyun duka. Kafin ciniki ka duba Discogs, shafin intanet na saye da sayar da faifai, ka ga nawa aka sayar da irinshi, don kada a cuce ka, kuma don kai ma kada ka cuci tsohuwar da ba ta san abin da ke hannunta ba.

Yaya zan gane mai lafiya kafin in biya?

Fito da shi daga bango, ka riƙe shi ta baki da tsakiya, kar yatsa ya taɓa layukan. Ka fita waje ka karkata shi a rana. Ƙananan zane-zane kamar gashi ba komai, wannan daga shiga da fita ne. Wanda ka ga ya yi zurfi, sa farce a hankali ka bi ta kanshi, in farcen ya maƙale to allura ma za ta maƙale, za ka ji tas tas a kowane zagaye ko ta yi tsalle. In layukan sun yi fari-fari ko toka-toka maimakon baƙi mai sheƙi, an cinye shi da mugun allura, wanki ba ya gyara wannan. Sannan ka ɗaga shi daidai idonka ka duba ko ya lanƙwashe. Ka duba ramin tsakiya, in takardar wajen ta cika da ƙananan zane to an sa shi sau ba adadi. Ka shinshina bangon, warin danshi yana nufin akwai fumfuna, ita tana wankuwa in ba ta ci ciki ba. Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa, ka karanta sunan da ke jikin faifan ka gwada da na bangon, a tsofaffin akwatuna sau da yawa faifan wani yana cikin rigar wani.

Wane inji zan saya? Yayana zai aiko min daga Amurka.

Tsaya tukuna kafin ya saya. Wutar Amurka volt 120 ce mai 60 Hz, tamu 230 ce mai 50 Hz, Hz shi ne sau nawa wutar take juyawa a daƙiƙa. Taransifoma zai sauke maka wutar amma ba ya canza Hz ɗin, kuma wasu injinan, musamman tsofaffi, motarsu da Hz ɗin wuta take auna gudu. Ka kawo irin wannan Akra, faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 da ɗigo a minti sai ya koma wajen 28, muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja. Ka ce ya duba bayan injin, in an rubuta 50/60 Hz da 100 zuwa 240 to lafiya lau. Wanda ya zo daga Ingila ko Jamus ba wannan matsalar.

Audio-Technica LP60 ya isa mai farawa, LP120 ya fi shi don kana iya saita nauyin allura. In Allah ya haɗa ka da tsohon Technics SL-1200 mai lafiya a wajen wani tsohon DJ, ka riƙe shi da hannu biyu. Waɗannan ƙananan masu kama da jakar hannu da sifika a jiki kuwa ka bar su, allurarsu tana danna faifai da nauyi. Yawancin allurai masu kyau giram biyu ko kusa da haka suke so, kuma don Allah kar ka ɗora kwabo a kan hannun da ke riƙe da allurar don ya daina tsalle kamar yadda ake yi a da, haka aka kashe rabin faifan ƙasar nan. Ka tabbata amfilifayarka tana da wajen da aka rubuta phono, in babu kuma injin ba shi da nashi a ciki, sautin zai fito ƙasa-ƙasa ba nauyi, sai ka nemi ƙaramin akwatin phono, a Zongo Lane za ka iya tambaya. Tsohon inji kuma canza allura kafin ka ɗora mishi faifan da kake so. Saboda dumso, wato ɗauke wuta da dawo da ita, sa stabilaiza, kuma in an ɗauke wuta ɗaga hannun ka cire soket kafin a dawo da ita.

Wanki da ajiya fa, ga zafi ga danshi?

A tsaye ake ajiye faifai kamar littafi a kanta, ba a jibge wani kan wani, kuma nesa da taga da bangon da rana ke duka. Kar ka bar shi a mota ko a but ɗin trotro da rana, awa kaɗan ya ishe shi ya lanƙwashe. Damina danshin Akra yana kawo fumfuna, saboda haka kada kanta ta taɓa ƙasa, kuma ka riƙa fito da su suna shan iska. Lokacin hunturu ƙura ce, rufe injin, goge faifai da burushi mai laushi kafin kowane sawa. Wanki kuma da tataccen ruwa irin na batir wanda ba asid a ciki, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa, tsumma mai laushi, kana bin layukan a zagaye, kada takardar tsakiya ta jiƙe, ka ɗauraye ka jingine ya bushe a inuwa. Banda kananzir, banda fetur, banda omo. Tsohuwar rigar takarda ta ciki in ta ruɓe canza ta, kyankyasai da gara suna son ta.

Yaya, a gidanmu ba a son kiɗa. Akwai abin da zan tara?

Hukuncin kiɗa ka tambayi malaminka, ba fagena ba ne. Amma faifai ba na waƙa kaɗai ba ne. Sheikh Mahmud Khalil al-Husary ya ɗauki karatun Alƙur'ani cikakke a Masar a 1961 kuma a faifai aka fitar, karatun Sheikh Abdul Basit ma ya fito a faifai. Alhazan da suka je Makka a shekarun 1960 da 1970 wasu sun dawo da su. Ka tambaya a gidajen tsofaffin alhazai, kuma in ka samu ka ware musu waje na daban a sama.

Kawu, na sami akwatin faifai a ɗakin kakata, wani ya ce zai saya duka a dunƙule. In sayar?

Kar ki yi gaggawa 'yata, kuma kar ki sayar a dunƙule. Mai cewa zai kwashe duka yawanci guda biyu ko uku ya gani a ciki waɗanda suka fi kuɗin da zai ba ki gaba ɗaya. Da farko ma kayan gado ne, sai kin yi magana da manya. Ki ɗauki hoton kowane bango da takardar tsakiya, ki rubuta suna da lambar da ke jiki, ki duba ɗaya bayan ɗaya a Discogs. Na Hausa da na Dagbani da na Frafra da duk wani na arewa ki ware su gefe, su ne ba a cika sake bugawa ba.

Waɗanda kika ji sun fi nauyi, ƙanana kaɗan da babban faifai, ba sa lanƙwasuwa ko kaɗan, 78 ne. Su kada ki sa musu sipirit ko wani abu mai barasa, yana narkar da su, kuma kada ki ɗora musu allurar faifan zamani, tasu ta fi kauri. Ki sa kwali tsakanin kowane biyu kafin ki ɗaga akwatin. In iyali sun yarda a bayar da su inda za a adana, akwai ma'ajiyar sauti ta J.H. Kwabena Nketia a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon, ki je ki tambaye su, ki kuma nemi su ba ku kwafin sautin ku riƙe a gida.